Autarmu da Turancin JAMB

Ranar da sakamakon JAMB na autarmu ya fito ina wajen aiki Umma ta kira ni wai in dawo gida da wuri, yarinya ta shige ɗaki tun azahar ta ƙi cin abinci. Ta tura UTMERESULT zuwa 55019 kamar yadda kowa ke yi, saƙo ya dawo, jimillar makinta bai kai 180 ba cikin 400, kuma abin da ya fi ja mata baya Turanci ne. Bayoloji da Kemistiri ta yi ƙoƙari daidai gwargwado, Fiziks ma ba laifi, amma Turancin nan ko 40 cikin 100 bai kai ba. Yarinyar da ke son karanta aikin jinya, kowa ya san da wannan makin ba inda za ta je.

Da na shiga ɗakin abin da ta fara ce min shi ne, "Yaya wallahi na yi karatu." Kuma na san ta yi, ni shaida ne, wata uku tana rungume da littafin tsofaffin tambayoyi, har a kicin yana gefenta tana juya miya tana haddar kalma da kishiyarta. Shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Na ce mata ta share hawaye, badi ma shekara ce, amma a wannan karon tare za mu zauna.

Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na gani da idona cikin watannin da muka yi muna zama, ni ba malamin Turanci ba ne, na dai rubuta jarrabawar nan a zamanina kuma ina karanta jarida kullum saboda aikina. Ina rubutawa ne saboda na san akwai gidaje da yawa da ke da irin autarmu. A 2025 sama da yara miliyan 1.9 ne suka zauna UTME, wato jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar sama da miliyan 1.5 a cikinsu ba su kai maki 200 ba. Turanci kuwa shi ne darasin da ba mai tsallake shi, ko likita kake son zama ko lauya ko injiniya dole ka yi shi, sauran ukun ne kake zaɓa gwargwadon kos ɗinka.

Farkon abin da na yi, na buɗe manhajar karatun da JAMB ɗin kanta ta fitar, wato silabus, na duba yadda aka raba tambayoyin, abin da yawancin yara ba sa yi, su dai a ba su tsofaffin tambayoyi su hau. Tambaya 180 ce gaba ɗaya a awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40. A cikin 60 ɗin nan akwai rubutu guda da za ka karanta ka amsa tambaya 5 a kansa, akwai wani rubutun da aka ciccire masa kalmomi a ce ka cike guraben, tambaya 10, sai littafin labarin da hukumar ke sa wa a karanta shi ma tambaya 10, sannan jimloli 5 da za a ba ka a ce me ake nufi da su. Ku lissafa, 30 kenan, rabin takardar cif. Duk abu ɗaya suke gwadawa, shin in ka karanta abu kana gane abin da aka ce? Sauran rabin ne kalma da kishiyarta da mai kama da ita da cike jimla da furuci, wato inda autarmu ta zuba duk ƙarfinta.

Sai na gwada ta. Na ɗauko sharhin jaridar Daily Trust na wata rana, sakin layi ɗaya kawai, na ce karanta min. Ta karanta tsaf, murya a sama, ba gargada, wanda ya ji daga tsakar gida zai ce yarinyar nan ta iya Turanci. Na karɓe jaridar na kife na ce toh faɗa min da Hausa, me mutumin nan yake cewa? Ta yi shiru. Can ta ce, "Yana maganar man fetur ne." Na ce eh na ji, me ya ce a kan man fetur ɗin, yana goyon bayan abin da aka yi ne ko yana suka? Ta ce in ba ta ta sake dubawa.

Nan na gane inda gizo ke saƙar. Bakinta na karatu amma zuciyarta ba ta bin maganar. Kuma abin da ya ƙara tabbatar min ba ƙwaƙwalwa ce babu ba, yarinyar nan in ta karanta littafin Hausa a waya, irin masu shafi ɗari uku ɗin nan, za ta zauna ta ba ƙawarta labarin tun daga farko har ƙarshe, ta gaya mata wace ce muguwa tun kafin marubuciyar ta bayyana, ta ce ai tun da uwar mijin ta faɗi kaza na san da wata a ƙasa. Toh wannan ai shi ne fahimtar karatu, shi ne ainihin abin da ake tambaya in an ce "it can be inferred from the passage", wato abin da ba a faɗa ƙarara ba amma mai hankali ya gano. Tana da shi a Hausa. A Turanci ne aka saba mata tun firamare cewa karatu shi ne ka furta kalmomi daidai malam ya ce zauna, ba wanda ya taɓa rufe littafi ya ce mata ba ni labarin abin da kika karanta.

Saboda haka muka sa doka, kullum bayan sallar isha'i sakin layi uku, ba yawa. Ta karanta ɗaya a zuci, ta kife takardar, ta faɗa da Hausa a jimla ɗaya ko biyu. Ba fassara nake so ba, na hana ta fassara kalma bayan kalma, don shi ne ma ciwon, tana ɗaukar kowace kalma tana neman Hausarta a kai, kafin ta kai ƙarshen jimla ta manta farkonta. Na ce ki ɗauka Umma ce ta tambaye ki me aka ce a rediyo. Daga baya ma Umman ce ta karɓi aikin da gaske, duk da ba ta yi boko ba, in ina da aikin dare sai auta ta karanta ta ba ta labari, ita kuma ta yi ta jefo tambaya, "To shi gwamnan me ya ce? Su manoman sun yarda?" In auta ta kasa amsawa sai Umma ta ce koma ki duba, ba ki ji da kyau ba. Wallahi tambayoyin Umma sun fi na wasu littattafan kyau, saboda ita da gaske take son ta ji yadda aka ƙare.

Sati biyun farko sai da muka yi dabara don abin ya yi mata nauyi. Aminiya da Daily Trust kamfani ɗaya ne ke buga su, sau da yawa labari ɗaya za ka samu a duka biyun, haka BBC Hausa da sashen Turancinsu. Sai ta fara karanta na Hausar ta san kan zancen, sannan ta shiga na Turancin. Da ta ɗan samu ƙafa muka juya, Turanci da farko, ta faɗi abin da ta gane, sannan ta duba na Hausa ta ga ko ta dace. Bayan wata guda muka ajiye na Hausar gaba ɗaya.

A nan ne na fara ganin ƙananan abubuwan da ke kayar da ita, kuma a kansu nake so in ɗan daɗe domin ina jin su ne ke kayar da yawancin yaranmu. Manyan kalmomi ba su cika zama matsala ba, in ta ga wata doguwar kalma da ba ta sani ba sau da yawa zancen da ke kewaye da ita yana nuna ma'anarta. Ƙananan ne masu haɗari, waɗanda take ganin ta sani sai ta wuce su da gudu. Na rubuta mata jimla kamar haka: The farmers hardly complained although the rains came late. Na ce manoman sun yi ƙorafi ko ba su yi ba? Ta ce sun yi sosai ma. Saboda ta ga hard a ciki, ta san hard abu ne mai ƙarfi, sai ta ɗauka hardly ƙorafi ne mai ƙarfi, alhali ana nufin da ƙyar ma aka ji bakinsu. Kalma ɗaya ta juya jimlar gaba ɗaya ta koma kishiyarta, kuma mai shirya tambaya ya san haka, zai ajiye maka zaɓin da ke cewa sun yi ƙorafi sosai yana jiranka. Haka scarcely da barely da seldom. Haka bambancin few da a few, na farko yana nufin kusan babu, na biyu yana nufin akwai ɗan dama. Haka not unlike, wanda ƙarshenta yana nufin suna kama. Muka samu ƙaramin littafin rubutu muka ware shi don irin waɗannan kawai, bai fi shafi huɗu muka cika ba, amma shafi huɗun nan sun fi mata amfani a kan dogon jerin kalmomin da ta haddace a bara.

Sai kuma kalmomin da ke juya akalar magana, however, yet, nevertheless, despite, on the contrary. Mu a Hausa in mutum yana yabonka ya ce "amma fa" ai ka san yanzu ne zai faɗi abin da ya kawo shi, duk na baya shimfiɗa ce. Haka Bature ma yake yi a rubuce. Marubuci zai ɓata sakin layi guda yana kawo ra'ayin wasu, mutane na cewa kaza, an daɗe ana ganin kaza, sai ya ce however, daga nan ne nasa ra'ayin ya fara. Auta kuwa sai ta riƙe na farkon ta ce shi ne ra'ayin marubuci tunda shi ta fara gani. Na ce mata duk inda kika ga however ki ji kamar an ce "amma fa", ki gyara zama.

Wani abin kuma dogayen jimloli. Turancin jarida da na jarrabawa yana son cusa magana cikin magana, a fara jimla da mutum, a saka waƙafi a yi bayanin waye shi da inda ya fito da abin da ya taɓa yi, sai can layi na uku a faɗi abin da ya aikata. Na koya mata ta riƙa tambayar kanta abu biyu, wa ake magana a kai, me ya yi? Ta tsallake abin da ke tsakanin waƙafi biyu tukuna, ta haɗa kan da gindin, sannan ta dawo ta ɗauki na tsakiyar. Da kalmomi irin su it da this da they, ta tsaya ta nuna min da yatsa me suke nufi a baya, don mu ba mu da it a Hausa, komai ko shi ne ko ita, kuma sau da yawa this ɗin Bature ba abu ɗaya yake nunawa ba, duk maganar da ta gabata yake nufi.

Akwai ranar da muka yi gardama sosai har ta yi fushi. Rubutun a kan kwararowar hamada ne, marubucin ya ɗora laifin a kan kiwo fiye da kima da ƙarancin ruwan sama, tambaya ta ce according to the passage me ke jawo ta, auta ta zaɓi sare itatuwa don yin girki. Na ce ba daidai ba. Ta ce, "Haba Yaya, kowa fa ya san sare bishiya na kawo hamada, har a makaranta an koya mana." Na ce gaskiyarki, amma nuna min layin da mutumin nan ya faɗa. Ta duba sama ta duba ƙasa babu. Wannan tarkon shi ya fi kama yara masu ƙoƙari, domin suna da sani, sai su amsa daga kansu su bar takardar. Ba a tambaye ki me ke kawo hamada ba, an tambaye ki me wannan mutumin ya ce yana kawo ta, ko da kin fi shi sani. Daga ranar muka ƙara doka, ba za ta zaɓi amsa ba sai ta ɗora yatsa a kan layin da ya ba ta hujja. Kuma in zaɓi ya zo da always ko never ko only ko all, ta ƙara dubawa sau biyu, don sau da yawa rubutun cewa ya yi "wasu" ko "galibi", sai a ƙara masa gishiri a cikin zaɓin a mayar da shi "duka". Da tambayoyin da ke ƙarewa da EXCEPT ko masu NOT a tsakiya, waɗannan gaggawa ce kawai ke sa a faɗi, yaro ya ga zaɓin farko daidai ne ya danna, alhali wanda ba daidai ba ake nema.

Mutane na yawan tambaya wai a fara karanta tambayoyin ne ko rubutun. Ni dai abin da ya yi wa auta aiki shi ne ta leƙa tambayoyin biyar da sauri ba tare da zaɓuɓɓukan ba, don ta san me za ta nema, sannan ta karanta rubutun sau ɗaya a natse. In ta karanta har da zaɓuɓɓukan sai su cika mata kai da maganganun da uku cikin huɗu ƙarya ne.

Shi kuwa rubutun cike gurbi, shawarata kar yaro ya fara cikewa daga gurbin farko. Ya karanta duka har ƙarshe da guraben a buɗe ya gane ana maganar asibiti ne ko kotu ko banki ko gona, domin yawanci kalmomin wani fanni ake gwadawa, kuma duk zaɓin huɗu za su yi kama da juna, wanda masu wannan sana'ar ke amfani da shi ake so. A nan karatun jarida ya biya mu ba tare da mun shirya ba, don wanda ya saba karanta labarin kotu ya riga ya san wanda ake ƙara da mai ƙara da yadda ake cewa an ɗage zama da Turanci, ba sai ya haddace ba. Shi ya sa na riƙa canja mata shafi, yau kasuwanci gobe lafiya jibi wasanni, har shafin noma.

Littafin labarin kuma don Allah a karanta shi. A bara auta taƙaitawa ta samu a wani guruf na WhatsApp, shafi shida, ta haddace sunayen mutanen ciki shi kenan. Tambaya 10 fa, kuma littafin ba wani kauri gare shi ba, wanda ke cinye littafin Hausa a kwana biyu ba shi da uzuri. A wannan karon sau biyu ta karanta, babi ɗaya a zaune, ta ba Umma labarinsa kamar yadda muka saba, har Umma ta riƙa tambaya yau ba za a ci gaba ba ne. A tabbatar dai wanda hukumar ta sanar na wannan shekarar ne, don ana canja shi bayan 'yan shekaru.

Sai da ya rage wata biyu sannan muka koma kan tsofaffin tambayoyi da agogo. In ka raba minti 120 ga tambaya 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu, kuma masu Fiziks da Kemistiri suna buƙatar rarar lokaci don lissafi, saboda haka muka tsara kar Turanci ya wuce mata minti 35 zuwa 40, ta fara da gajerun tambayoyi ta kwashe su da sauri sannan ta zo wa rubutun da nutsuwa. Ba a rage maki don ka amsa ba daidai ba, don haka ba a barin tambaya fanko, in ta gagara a cire biyun da suka fi nisa a zaɓi ɗaya cikin sauran a wuce. Duk wadda ta faɗi kuma ba ma wucewa sai ta gaya min dalilin da ya sa ta faɗi, kalma ce ba ta sani ba, ko daga kanta ta amsa, ko gaggawa ce. Muna rubutawa a gefe. Da muka tara na sati uku sai ga shi ƙarara yawancinsu na biyun ne da na ukun.

Abu na ƙarshe da na kusa mantawa da shi shi ne sikirin. Tun 2015 jarrabawar nan gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, amma yaranmu a takarda suke shiri, inda za ka ja layi da biro ka zagaye kalma. A kwamfuta ba ka da wannan, ga rubutun sai ka riƙa jan shi sama da ƙasa, wanda bai saba ba layi na ɓace masa ya yi ta komawa farko. Waya ma ba ta wadatar ba don ita an saba zazzage ta da babban yatsa a guje. Na riƙa dawo mata da laftof ɗin wajen aiki ranar Asabar, wasu ranakun kuma ta je kafe ɗin unguwa ta biya kuɗin awa ɗaya, ta saba da danna A, B, C, D a kibod, N ta ci gaba, P ta dawo baya. Na kuma biya mata jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gasken, wadda ba dole ba ce amma ni a ganina kuɗin bai tafi a banza ba, ko don yaro ya ga yadda zauren yake ya ji sanyin na'urar da ƙarar kibod ɗin mutane ɗari biyu kafin ranar da abin zai zame masa na gaske.

Ranar jarrabawar ni na kai ta santar da sassafe, na zauna a inuwar wata bishiya tare da sauran iyaye da yayye. Da ta fito ban tambaye ta ya aka yi ba, ita ce tun kafin mu kai bakin titi ta fara ba ni labarin rubutun da aka ba su, da Hausa, tun daga farko, mutumin ya fara da cewa kaza, sai ya ce amma fa, sai ya kawo misali biyu. Tun a nan hankalina ya kwanta. Da sakamako ya fito Turancinta ya haura 60 cikin 100, jimilla ta wuce 230, alhamdu lillahi, yanzu tana shirin tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB.

Maƙwabciyarmu ta ji labari wajen Umma, ta turo min yaranta biyu da ɗan ƙanwarta, wai su ma badi za su rubuta. Na ce su zo ranar Asabar bayan la'asar, kar su zo da littafin tsofaffin tambayoyi tukuna, kowa ya zo da tsohuwar jarida ko da ta mai ƙosai ce in dai ba ta jiƙe da mai ba. Auta ta ce ita za ta riƙa karɓar na ranar Laraba.